Yadda na zaɓi sababbin kafasitoci ga amfilifayar da na haɗa da hannuna

Amfilifayar da zan yi magana a kanta na haɗa ta ne da hannuna shekara tara da suka wuce, a kan wani ƙaramin tebur a gidanmu da ke Kano, kuma tun daga lokacin ita ce take ɗaukar duk sautin da ake saurare a falo, daga labaran rediyo na safe har zuwa karatun Alƙur'ani da sharhin ƙwallo da daddare. Ginshiƙinta LM3886 ne guda biyu, wato ƙananan kayan lantarki masu ƙara wa sauti ƙarfi, ɗaya na lasifikar dama, ɗaya na ta hagu. Kamfanin National Semiconductor ne ya fara yin wannan ƙaramin kaya kafin Texas Instruments ya saye kamfanin a 2011, kuma takardar bayaninsa ta nuna yana ba da wat 50 ga lasifika mai om 8 idan aka ba shi volt 35 a layin fozitif da volt 35 a layin negatif. Taransifomar da na saka tana fitar da 25-0-25, wato volt 25 a kowane gefe, sannan tana da wani ƙaramin naɗi na 12-0-12 wanda yake ciyar da allon gaba, inda NE5532, ƙaramin kayan da sauti yake fara ratsawa, da maɓallan daidaita kauri da sirantar sauti suke.

A bazarar da ta wuce ne na fara jin wani ƙugi yana fitowa daga lasifikokin biyu, ko da an rage ƙara har ƙasa. Da farko sai dare ya yi tsit ake jin sa, daga baya ya zama ana jin sa ko da rana, musamman idan wuta ta zo da rauni. Haka kuma kaurin sautin ya ragu, ganga ta daina dukan ƙirji kamar da, kuma idan aka ƙara murya sosai sai sautin ya riƙa karcewa tun kafin a kai inda yake karcewa a da. Da na buɗe murfin na kakkaɓe ƙurar hunturu da ta taru a ciki, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne manyan kafasitoci biyu na wuta, masu ajiye wuta su tace ta, waɗanda tsofaffin masu gyaran rediyo suke kira kwandansa. Kan ɗaya daga cikinsu ya kumbura kamar murfin gwangwanin da abin cikinsa ya lalace, kuma tsagar da masana'anta take yi a samansa domin ya fitar da iska idan ya matsu ta fara buɗewa, da wani busasshen abu ruwan ƙasa a bakinta.

Ban taɓa komai ba sai da na zare filogi na sauke wutar da ke cikinsu ta hanyar ɗora resista mai om 1,000 a kan ƙafafun kowanne na ɗan lokaci, ina duba mita har ta sauka ƙasa da volt ɗaya. Ina ambaton wannan ne domin na sha ganin masu gyara suna haɗa ƙafafun da sukundireba, tartsatsi ya tashi, bakin ƙarfen ya narke. Babban kafasita yana riƙe wuta bayan an kashe na'ura, kuma irin wannan saukewar ta gaggawa tana cutar da shi, tana iya cutar da ido.

Na cire kafasitocin ɗaya bayan ɗaya na gwada su a ƙaramar na'urar gwajin kayan lantarki, wadda take nuna ƙarfin ajiya da kuma ESR, wato turjiyar da ke cikin kafasitan kansa, wadda take hawa yayin da ruwan cikinsa yake bushewa. Manyan biyun an rubuta musu maikirofarad 4,700 da volt 35 da digiri 85, wato ƙarfin ajiyarsu da iyakar wuta da zafin da za su iya ɗauka. Wanda ya kumbura ya nuna kusan 2,900, ɗayan kuma 3,800, sannan turjiyar cikinsu ta ninka ta sabo sau da yawa. Da na ga lambar volt 35 ɗin sai na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun shekara tara baya. Wutar taransifoma mai volt 25, idan ta ratsa dayod, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, aka tace ta, tana kaiwa ga ƙololuwarta, wato 25 sau 1.414, kusan volt 35 ke nan. Ashe tun ranar farko kafasitocin suna aiki ne a daidai bakin iyakarsu. Wutar Najeriya a ƙa'ida volt 230 ce, amma duk wanda ya taɓa saka mita a soket ya san tana sauka ƙasa da 200, tana kuma haura 240, balle a kan janareta. Idan ta kai 250, layin da ya kamata ya tsaya a 35 yana wuce 38, kuma idan ba a jan wuta sosai yana ƙara ɗagawa sama da haka. Saboda haka shawara ta farko ta yanke kanta: sababbin za su zama masu volt 50. Masu 63 ma ba laifi ba ne, sai dai sun fi girma da tsada, kuma ba su da wani abin da za su ƙara mini.

Lambar zafi ce ta fi ɗaukar hankalina, domin ita ce aka fi yin watsi da ita a wurin saye, alhali a ƙasa irin tamu ita ce take yanke hukuncin tsawon rai. Kafasita mai ruwa a ciki yana da ƙa'idar da masu yin sa suke rubutawa a takardunsu: duk ragin digiri 10 na zafi yana ninka tsawon ransa sau biyu. Wanda aka rubuta masa awa 2,000 a digiri 85, idan yana zaune a digiri 55, zai yi ninki takwas, wato awa 16,000. Na saka ma'aunin zafi a cikin akwatin na rufe murfi da rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, na tarar cikin yana wajen 55. Idan aka ce ana kunna na'urar awa biyar a rana, awa 16,000 shekara tara ce ba kaɗan. Da na ga lissafin ya faɗa daidai kan shekarun amfilifayar sai na daina ganin laifin kafasitocin, domin sun yi iya aikin da aka yi alkawarin za su yi. Mai digiri 105 da awa 2,000 a wannan zafin zai yi ninki talatin da biyu, awa 64,000. Daga nan na ƙudura cewa duk kafasita mai ruwa da zai shiga akwatin nan sai mai 105.

Sai dai manyan nan ba su ne tushen ƙugin ba, kuma wannan ne darasin da ya fi mini amfani a duk aikin. LM3886 yana da juriya sosai ga gurɓatacciyar wuta, ba ya barin rawar da ke layin wutarsa ta ratsa zuwa lasifika cikin sauƙi. Da na cire wayar da ke haɗa allon gaba da allon ƙarfi sai ƙugin ya ɗauke ɗif. A allon gaba akwai regileta 7812 da 7912, masu tsayar da wuta a kan volt 12, kuma kowacce tana buƙatar a ba ta wutar da ta fi abin da take fitarwa da kusan volt biyu. Naɗin 12-0-12 yana ba da wajen volt 16 bayan tacewa, tazarar ba ta da yawa. Kafasitan da ke gaban 7812, mai maikirofarad 470, na manna shi ne a jikin ƙarfen da ke shan zafin regiletar, kuma da na gwada shi ya nuna 90 kacal, ba tare da ya kumbura ko ya nuna wata alama a ido ba. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, bayan ta ratsa gadar dayod tana cika kafasita sau 100 a daƙiƙa, tsakanin cikawa da cikawa kuma kafasitan ne yake ciyar da na'ura daga ajiyarsa. Yawan faɗuwar da wutar take yi a wannan tsakani shi ne yawan wutar da ake ja, sau kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, a raba da ƙarfin ajiya. Allon gaba yana jan wajen miliamfiya 30. Da 470 faɗuwar ba ta kai volt ɗaya ba, amma da 90 ta haura volt uku, sai regiletar ta riƙa sakin aiki sau 100 a kowace daƙiƙa, kuma wannan sakin ne nake ji a matsayin ƙugi. Ƙaramin kaya ne wanda kuɗinsa bai kai na kwalbar lemo ba. Na zaɓi mai 1,000 da volt 35 da digiri 105 daga jerin FC na Panasonic, na kuma lanƙwasa ƙafafunsa na nisanta shi da ƙarfen mai zafi.

Game da girman manyan, na jima ina kai-kawo. Akwai ra'ayi mai ƙarfi a tsakanin masu haɗa kayan sauti cewa gwargwadon yawan maikirofarad, gwargwadon daɗin sauti, har wasu suna jera 60,000 ko fiye a ƙaramar amfilifaya. Na bi lissafin da na yi a sama: idan ana jan amfiya biyu, 4,700 zai bar wuta ta riƙa faɗuwa da fiye da volt huɗu, 10,000 zai rage ta zuwa volt biyu, 20,000 kuma zuwa volt ɗaya. Ribar farko babba ce, ta biyu rabinta ce, ta gaba kuma sai ƙara ƙanƙancewa take yi, alhali illar tana ƙaruwa. Babban kafasita da babu komai a cikinsa, a lokacin da aka danna makunni, yana zuƙar wuta kamar an haɗa waya da waya, wannan kuma yana dukan dayod da fis da makunnin kansa. Ko a lokacin aiki, yawan ajiya yana sa cikawar ta zama gajera mai ƙarfi, taransifoma ta ƙara zafi. Na tsaya a kan wajen 10,000 a kowane layi, na kuma yanke shawarar canza gadar dayod ɗin zuwa KBPC2510 mai amfiya 25, in ɗaure ta a jikin akwatin ƙarfe, in saka fis mai jinkirin tsinkewa.

Da wannan jerin a takarda na shiga kasuwa. A wani shago na tarar da masu 10,000 da volt 50 da digiri 105, sanye da rigar baƙi da rubutun zinariya, ɗauke da sunan wani babban kamfanin Japan, a kan kuɗin da bai kai rabin abin da na yi tsammani ba. Na ce wa mai shagon, “Alhaji, waɗannan 'yan asali ne kuwa?” Ya ce mini yadda aka kawo masa su ke nan, kuma jama'a suna saye ba wanda ya dawo da su. Na yarda da maganarsa, domin mai yiwuwa shi ma bai san abin da ke ciki ba, na sayi biyu. Tun a hanya na ji hannuna bai gamsu da nauyinsu ba. A gida na gwada, ɗaya ya nuna 3,100, ɗayan 3,200. Na girgiza ɗaya a kusa da kunne na ji wani abu yana motsi a ciki. Na sa zarto na yanka gwangwanin ta gindi, sai ga wani ƙaramin kafasita a ciki, mai 3,300 da volt 35, an liƙa ƙafafunsa da darma a jikin ƙafafun babban, an cike sauran wurin da wani farin danƙo. Na daɗe ina kallon sa a tafin hannuna. Abin da ya tsorata ni ba ƙarancin ajiyar ba ne, lambar volt 35 ɗin ce, domin da na saka shi ba tare da gwaji ba, da na mayar da matsalar da nake gudu cikin akwatin ina zaton na magance ta, kuma a wannan karon babu ma tsagar da za ta nuna mini ya kumbura.

Na kai gutsuren wurin wani dattijo mai gyaran rediyo wanda ya koya mini riƙe ƙarfen darma tun ina makarantar sakandare. Ya juya shi a hannu ya ce, “Yaro, ai tun kafin ka yanka ya kamata ka gane. Dubi rubutun, ya yi kauri, ya karkace. Ɗauki wannan ka ji.” Ya miƙo mini wani tsohon kafasita da ya ciro daga wata matacciyar amfilifayar gwanjo, girmansu ɗaya amma nauyinsa ya kusa ninka na wancan. Na ce, “Baba, to ko in yi amfani da irin naka?” Ya ce na gwanjo ɗan asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya san awa nawa ya riga ya ci, kuma tun da ina son aikin ya daɗe, gara in nemi sabo daga inda ake da tabbas. Na bi shawararsa. Wani ɗan'uwana da ke yin odar kayan aiki daga waje ya haɗa mini da nasa daga Mouser, kamfanin Amurka da yake karɓar kaya kai tsaye daga masana'antu, na jira sati uku.

Jiran ya yi mini amfani, domin a cikinsa ne na ɗauki awo na gane cewa mai 10,000 ba zai ma shiga wurin ba. Tsayinsa zai tokari murfi. Sai na koma ga masu 4,700 guda huɗu na Nichicon, biyu a jere a kowane layi, jimla 9,400, kowanne da ƙafafu masu tazarar milimita 10 irin waɗanda ake dannawa su kama allo. Haɗa biyu gefe da gefe yana da wata ribar: turjiyar ciki tana rabuwa biyu, kuma wutar cikawa da saukewa, wadda ita ce take dafa kafasita daga ciki, tana rabuwa tsakaninsu. Takardar kowane kafasita tana faɗin yawan wannan wuta da zai iya ɗauka, kuma ga kafasitan tace wuta lamba ce da ta fi sunan kamfani muhimmanci.

Ƙananan da ke kan hanyar sauti su ne inda gardama ta fi yawa, su ne kuma inda ake kashe kuɗi a banza. A mashigar LM3886 akwai kafasitan da yake tare tsayayyar wuta ya bar sauti ya wuce. Wanda na saka a da ɗan ƙaramin na tangaran ne, mai launin rawaya, an rubuta masa 474, wato 47 da sifiri huɗu a ma'aunin fikofarad, maikirofarad 0.47 ke nan. Da amfilifaya a kunne na ƙwanƙwasa shi da bayan fensir, sai na ji “tok” a lasifika, kamar an taɓa makirufo. Irin tangaran ɗin da ake samun ajiya mai yawa a ƙaramin jiki, su X7R da Y5V, haka halinsu yake: girgiza tana haifar musu da wuta, ƙarfin ajiyarsu kuma yana canzawa da yawan volt da ke kansu. Y5V ma an yarda ya rasa har kashi 82 cikin ɗari na ajiyarsa a iyakar zafi ko sanyinsa. Ba su dace da hanyar sauti ba. Akwai kuma batun girma. Kafasitan da resistan da ke bayansa, mai om 22,000, su ne suke yanke inda kaurin sauti zai fara raguwa, kuma ana samun wurin ne da raba ɗaya da 6.28 sau resista sau kafasita. Da 0.47 ana samun kusan haz 15 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), wanda yake zaftare wajen desibel biyu a haz 20. Da 2.2 wurin yana sauka zuwa haz 3.3, nesa da duk abin da kunne yake ji.

Kowa ya yarda cewa a irin wannan gurbi kafasitan leda ya fi, kuma a cikin na ledar polypropylene ne a gaba, polyester yana bin sa. Na sayi polypropylene mai 2.2, amma da ya iso sai na ga girmansa ya kai akwatin ashana, alhali ramukan allona tazarar milimita 5 gare su. Na gwada saka shi da dogayen wayoyi, na kwantar da shi a gefe. Sakamakon shi ne wani sabon ƙugi, mai kauri fiye da na farko, na haz 50, domin babban jikin da dogayen wayoyin sun zama eriya suna kwasar abin da taransifoma take watsawa. Na cire shi na saka ɗan jan akwatin Wima na polyester, jerin MKS2, mai 2.2 da ƙafafu masu tazarar milimita 5, ya zauna daram a kan allo, ƙugin ya ɓace. Dalilin da ya sa hankalina ya kwanta da wannan sauyi shi ne, kafasita ba ya iya gurɓata sauti sai gwargwadon abin da ya tsaya a kansa na sautin, kuma idan an sauke wurin yankewa zuwa haz uku, abin da yake tsayawa a kansa a muryar mutum ko ta ganga kaɗan ne ƙwarai. Gwaje-gwajen da Cyril Bateman ya fara wallafawa a mujallar Electronics World a 2002 sun auna irin wannan gurɓata a nau'o'in kafasita daban-daban, kuma su ne suka sa na yarda bambancin nau'i abu ne na gaske da ake iya aunawa, ba labari ba. Sai dai gurbin da aka saka kayan ne yake nuna ko bambancin zai kai ga kunne.

Wannan tunanin na bi a kafasitan da ke layin mayar da sauti, wato layin da yake dawo da wani ɓangare na sautin mafita zuwa mashiga, kafasitan da yake haɗe da resista mai om 1,000 zuwa ƙasa, wato layin sifiri. Takardar LM3886 ta nuna maikirofarad 22 a wurin, wanda yake yankewa a wajen haz 7. Nawa ya bushe ya koma 8, wato yankewar ta hau zuwa kusan haz 20, ga inda sauran kaurin sautin ya tafi. Na leda mai wannan girma ba zai shiga ba, saboda haka na zaɓi mai ruwa marar fozitif da negatif, domin sautin da ke bi ta kansa yana juyawa gaba da baya, na kuma ƙara girmansa zuwa 100, yankewar ta sauka zuwa haz 1.6.

Sauran ba su ba ni wahala ba. Ƙananan masu lamba 104 da ke manne da ƙafafun wuta na kowane LM3886 na bar su a X7R, domin a can aikinsu shi ne shanye saurin rawar wuta, kuma kusancinsu da ƙafa ya fi nau'insu muhimmanci. Mai 0.1 da ke mafitar lasifika tare da ƙaramin resista na mayar da shi na leda mai volt 100. Na allon daidaita sauti kuwa na sayi masu harafin J, wato kuskuren kashi biyar cikin ɗari, na gwada goma na ware bibbiyu da suka fi kusa da juna domin dama da hagu su yi daidai. Akwai ɗaya da ban yarda in musanya da kowane iri ba, shi ne wanda ke tsakanin wayoyin wutar gida a bakin shigowa: dole ne ya zama mai alamar X2 da volt 275, domin irinsa ne aka yi don ya jure tsalle-tsallen wuta ba tare da ya kama da wuta ba.

Da manyan suka iso ban liƙa su kai tsaye ba. Na cika kowanne a hankali ta cikin resista mai om 1,000 na bar shi minti goma, ina auna abin da ya rage a kan resistan, wanda yake nuna yawan wutar da take zurarewa ta ciki. Duka huɗun sun sauka ƙasa da rabin volt suna ci gaba da sauka. Wajen liƙawa na duba alkibla sau uku, domin a layin negatif ƙafar fozitif ce take zuwa ƙasa, kuma a nan ne hannu ya fi yin kuskure. Ratsin da ke jikin rigar kafasita yana nuna ƙafar negatif. Kunnawar farko na yi ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 da na haɗa a kan hanyar wuta, ba tare da lasifika ba. Ƙwan ya yi haske na ɗan lokaci yayin da kafasitocin suke cika, sannan ya dushe har zaren ya koma ja-ja da ƙyar ake gani. Mita ta nuna 34.6 a layi ɗaya, 34.5 a ɗayan, mafitar lasifika kuma 'yan milivolt kaɗan.

Na yi wani gwaji da nake ganin ya cancanci a faɗe shi. Na gama ɓangaren hagu na bar ƙananan kafasitocin ɓangaren dama yadda suke, na ba su sauti iri ɗaya, na sa ƙanena ya riƙa sauya waya ɗaya tsakanin mafitar biyu a bayan labule ba tare da ya gaya mini ba. Tsakanin tsoho da sabo ban yi kuskure ko sau ɗaya ba, kaurin kalangu da zurfin muryar mai karatu sun isa shaida. Bayan na gama ɓangarorin biyu sai na maimaita gwajin, ɗaya da kafasitan 100 na yau da kullum a layin mayar da sauti, ɗayan da wani da ake sayarwa musamman don kayan sauti a kan ninki biyar na kuɗin. Cikin sauyi goma na dace a shida, na kuskure a huɗu, wanda bai wuce abin da mai cinta zai samu ba. Ban ce babu wanda zai ji bambanci a wasu lasifikoki da wani ɗaki ba, amma a nawa ban ji ba, kuma na bar mai tsadar a wurinsa ne kawai don kada in sake gasa allon da ƙarfen darma.

Kafin in rufe murfin na huda ramuka goma sha biyu a samansa daidai kan ƙarfen shan zafi, da wasu a gindin akwatin, na ƙara wa ƙafafun roba tsayi domin iska ta samu hanyar shiga. Da na sake saka ma'aunin zafi da rana ya nuna 47 maimakon 55. Na rubuta ranar aikin da lambobin kowane kafasita da abin da ya nuna a gwaji a kan takarda, na manna ta a cikin murfin. Abu ɗaya ya rage wanda sabon kafasita bai warware ba: ranar da wuta ta sauka ƙasa da volt 195, naɗin 12-0-12 ba ya ba regiletocin tazarar da suke buƙata, ƙugin yana leƙowa kaɗan. Na riga na sayi 7809 da 7909, domin NE5532 yana aiki lafiya a volt tara kowane gefe, suna cikin gwangwanin kayan aiki suna jiran Asabar mai zuwa.